Ƙusar Kawu Sulong

Duk fitinar ta taso ne daga wata takarda mai gilashi da aka rataye a shagon kofi na Ah Huat, tsakanin kalanda da agogon nan da ya tsaya tun ina goye. Hoton wata ƙaguwa ce a jiki, wadda ba ta kai ƙwayar gyaɗa ba, a ƙasanta wani dogon suna irin na masana, wutsiyarsa "jumaati". Tsoho Jumaat ne ya tsince ta a ƙarƙashin dutse ya miƙa wa Dakta Zaleha, malamar jami'ar da ke zuwa garinmu Pantai Lesung tana bin ƙananan halittun bakin teku. Ta bincika littattafanta kaf, ta ga babu wanda ya taɓa rubuta irinta, sai ta raɗa mata sunansa. Shi Jumaat ko a jikinsa. Wanda abin ya hana sakat shi ne Kawu Sulong, mijin Goggo Lijah, ƙanwar babana da nake zaune a wurinta.

Kawu mutum ne ɗan firit mai ƙaton gashin baki, kuma ba ya fara magana sai ya yi gyaran murya sau biyu, ya ɗaga ɗan yatsa sama kamar mai duba inda iska ta nufa. Sana'arsa, a faɗarsa, manajan kasuwancin gidanmu. Kasuwancin kuwa cincalok ne. Goggo ke shiga ruwa har ƙirji tana tura koma, ta kwaso garagau, 'yan mitsi-mitsin jatan landen nan, mu tsince, mu cakuɗa da gishiri da dafaffiyar shinkafa, mu ɗura a kwalabe su yi tsami, mu jera a bakin titi. Aikin manaja shi ne ya zauna a kan benci ya sanar da mu cewa rana ta yi.

Ranar da aka rataye takardar na kai wa Ah Huat kwalabe, na iske Kawu tsaye gabanta ya goya hannu.

"Ehem. Ehem. Jumaat, wai wannan ce ƙaguwar taka? Ai na zaci kashin tsaka ne a jikin gilashin."

"Ita ce," in ji Jumaat, yana hura kofinsa.

"Ni da aka yanke wa cibi a cikin jirgin ruwa, irin waɗannan nawa na take da ƙafa ban ko waiwaya ba?"

Ah Huat ya leƙo daga bayan tukunyarsa. "Sulong, yaushe rabon ƙafar taka da ruwa? Ka cire alwala."

Shago ya kwashe da dariya. Gashin bakin Kawu ya miƙe.

"Ku saurara da kyau. Dakta za ta dawo watan gobe. Wallahi sai sunan Sulong ɗan Deraman ya shiga littafin nan. Huat, buga ƙusa. Nan, saman ta Jumaat."

Ah Huat bai yi musu ba. Ya ɗauko guduma ya buga ƙatuwar ƙusa irin ta gyaran jirgi, ya ja baya yana kallonta. Daga ranar duk wanda ya shigo shagon sai ya fara gaishe ta. "Ƙusar Sulong, an tashi lafiya? Ya zaman kaɗaici?"

Washegari Kawu ya fita da bokitin wankinmu lokacin da teku ta janye, ya naɗe zaninsa har cinya ko da yake a kan busasshen yashi yake tafiya. Kafin azahar ya dawo da ƙaguwoyin nan masu shiga cikin kwanson katantanwa su ja shi a baya. Ya jera su a baranda, ya ɗauko fentin ƙofa, ya rubuta wa kowane kwanso lamba.

"Kuntum," ya ƙwala mini kira, "zo ki ga ilimi. Iri goma sha biyu, kowanne da kamarsa. Ga mai tsini, ga mai zane, ga mai tumbi. Jumaat shekara saba'in ya samo ɗaya."

"Maigida," in ji Goggo daga madafa, "ai duk abu ɗaya ne. Gidan aro ne a bayansu."

"Lijah, ki tsaya a kan gishirinki."

Ya kwanta ƙailula. Da ya tashi, lamba uku ta bar gidanta ta shige na lamba bakwai, lamba bakwai na zaune tsirara cikin kofinsa, lamba tara ta sami murfin man goge baki ta ga ya fi mata. Sauran sun sauka matakala sun kama gabansu. Da la'asar aka ji Liman ya yi wata ƙara a ƙofar masallaci wadda ba ta cikin addu'o'in da muka sani, yana tsalle da ƙafa ɗaya, lamba biyar na lilo a ɗan yatsansa. Da fentin da komai, babu hanyar musu.

Kawu ya ce ƙananan abubuwa ba su dace da shi ba. Ya ji an ce a ramukan taɓon bakin rafi akwai wani dogon jatan lande mai launi kamar zanen amarya. Duk wanda ya tashi a garinmu ya san shi, ya kuma san da sanda ake taɓa raminsa, don hannuwansa a naɗe suke kamar wuƙar aljihu. Kawu ya tara masu gyaran raga su zama shaida, ya durƙusa, ya zura hannu har gwiwar hannu.

"Sulong, da sanda ake yi," in ji ɗaya daga cikinsu.

"Sanda ta matsorata ce. Ni dabbar ruwa tana jin ƙamshina ta..."

Ba mu taɓa sanin abin da take yi ba. Ɗinki huɗu aka yi masa a babban yatsa. Mako guda yana yawo da shi a naɗe, ƙato kamar ƙullin alkaki, kuma da ya ɗaga hannu zai yi jawabi sai ka ga kamar yana jinjina wa wanda yake zagi.

Saura mako uku Dakta ta zo, ƙusa na nan tsirara. Wani ya rataya mata busasshen kifi, wani tsohon silifa. Sai Kawu ya sauya dabara. Ya ɗauki rariyar Goggo ya bi kududdufan da teku ke bari tsakanin duwatsu, duk abin da ya ga yana da ƙafa fiye da huɗu ya kwashe. A cikin dubu, in ji shi, dole a sami baƙo ɗaya. Dakta ta tsince da kanta, ai aikinta ke nan.

Jumaat ya biyo ta ƙofar gida ya ga tulin a cikin daro, har ya fara wari.

"Sulong, ita Dakta a sifirit take saka su, irin na kantin magani. In kana so ina da ragowa."

"Barasa? A gidana? Ehem. Kakanninmu da me suke adana jatan lande tun kafin a haifi jami'a? Gishiri da shinkafa. Kuntum, miƙo babbar kwalbar can."

Goggo ta fito tana goge hannu. "In dai haka za ka yi, kar ka cika ta har wuya. Kar ka toshe ta gam. Kuma ka sa ta a inuwa."

Ya cika ta har wuya. Ya buga toshiya da dutse, ya narka kyandir ya like bakin. Ya hau tsani ya ajiye ta a kan kwanon rufi, inda rana ta fi zafi, wai don ilimin ya nuna da wuri. Goggo ta ɗaga kai ta dubi kwalbar, ta dube ni, ta ce daga yau mu riƙa shanya ta bayan gida.

Ran da Dakta Zaleha ta iso, shagon Ah Huat ya cika har waje. Mai gari ya zo da farar rigarsa ta zuwa ofis. Dakta mace ce mai sanyin magana, da tabarau da shuɗin mayafi, tana zaune tana shan shayi da Jumaat sai ga Kawu ya shigo da kwalba a naɗe cikin tawul kamar jariri ranar suna. Ya ɗora ta a tebur ya yaye. Abin ciki ya zama ruwan hoda, yana wani motsi shi kaɗai.

Duk mai hankali a Pantai Lesung ya san yadda ake buɗe kwalbar cincalok: a waje, cikin daro, a hankali, bakinta na kallon inda ba kowa. Matan da ke bakin ƙofa suna ganinta suka fara ja da baya. Amma manaja bai taɓa buɗe ko ɗaya ba a rayuwarsa. A faranti yake samunsa, da albasa da lemun tsami.

"Ranki ya daɗe, ga aikin wata guda. Sun ɗan kwanta a ƙasa, bari in tashe su."

Ya girgiza ta da hannu biyu.

"Sulong!" in ji mutum wajen goma.

Ya sa wuƙa ya ɓanɓare kyandir.

Ƙarar har masu kamun kifi a cikin ruwa sun ji ta. Toshiyar ta tashi ta daki agogon bango, agogon da ya shekara ashirin a mace ya kama tafiya. Sauran kuwa ya yi sama ya bugi fanka, fanka ta raba wa kowa rabonsa ba son kai. Rigar mai gari ta koma ruwan hoda. Tabarau ɗin Dakta ya toshe. Gashin bakin Kawu na ɗiga, ƙafar wata ƙaguwa na rataye a gefensa. Kyanwoyin unguwa suka fara shigowa ta taga.

Jumaat ya lakato kaɗan daga kafaɗarsa ya ɗanɗana.

"Sabon iri ne kam," ya ce. "Ban taɓa cin marar daɗi irinsa ba."

Gidanmu aka kawo Dakta ta wanke jiki. Goggo ta ba ta aron zani, ta wanke mayafin ta shanya, tana ta ba da haƙuri. Kawu ya shige ɗaki ya ja ƙofa. Da yake aiki ba ya jira, muka koma kan faifan garagau ɗin safe muna tsinta, Dakta ta jawo kujera 'yar tsugunne ta zauna kusa da mu. Cikin garagau akan sami wasu 'yan jatan lande dabam, masu ɗan duhu, kumatunsu ɗaya a kumbure. Goggo na ganin irinsu take wurga wa agwagi ba tare da ta ko duba ba.

"Inna, tsaya. Mene ne wancan da kika jefar?"

"Masu ciwon haƙori? Ɓata kwalba suke yi. Daga bakin rafi kawai suke shigo mini, in ruwan sama ya yi kwana biyu."

Dakta ta yi tsalle ta riga wata agwagwa, har suka ɗan yi ja-in-ja. Ta ciro allura da gilashin ƙara girma daga jakarta, ta ɗaga kumatun a hankali, ta zaro wani farin abu kamar ƙwayar shinkafar da aka take. Ta daɗe tana kallo.

"Shekara nawa kina ganinsu?"

"Tun kafin a haifi wannan," in ji Goggo, ta nuna ni da haɓa.

"Ƙwaro ne da ke zama cikin kumatun jatan lande. Na san danginsa, amma wannan ban taɓa ganin irinsa ba. Sai na bincika, amma ina jin babu shi a littafi."

Ƙofar ɗaki ta buɗe.

"Ehem. Ehem. To, kin gan su ke nan. Dama su nake tanadar miki, ranki ya daɗe. Waccan kwalbar gwaji ce."

"Agwagi dai sun sha cin tanadinka," in ji Goggo.

"Komar wa? Ta gidana. Agwagin wa? Na gidana. Sulong ɗan Deraman, ranki ya daɗe, da wasali biyu. Bari in je in shaida wa jama'a."

Ya fice ko takalmi babu. Dakta ta dubi Goggo.

"Inna, ke kika san su, ke kika san inda suke da lokacinsu. In sabo ne, sunanki ya kamata ya ɗauka."

"Ni me zan yi da sunan ƙwaro? Wai shi me yake yi a ciki ma?"

Dakta ta miƙa mata gilashin, ta nuna mata wani wuri da bakin allura, ta yi mata bayani ƙasa-ƙasa. Na miƙa wuya ban ji ba, agwagi na ta surutu. Goggo ta duba, ta sake dubawa. Sai kafaɗunta suka fara rawa. Ta yi dariya har ta riƙe ginshiƙin rumfa, hawaye na zuba, abin da ban taɓa gani ba.

"Ba maigidan sunan," ta ce. "Don Allah ba shi. Wallahi haƙƙinsa ne."

Shekara ɗaya da rabi aka yi ana jira, don su masana ba sa gaggawa. Kawu bai ɓata lokacin ba. Ya hana a kira shi manaja, sai Mai Bincike. Ya sayi tabarau marar magani. A bakinsa ƙwaron ya yi ta girma: da fari kamar ɗan yatsa, daga baya kamar tafin hannu, kafin azumi ya kai ga yana kashe kifin shark. Kullum sai ya je ya goge ƙusarsa da hankici.

Da saƙo ya zo cewa an tabbatar, Dakta za ta kawo takarda, Kawu ya ce walima za a yi. Aka kafa rumfa a gaban shagon Ah Huat, daf da bakin ruwa. Goggo ta dafa shinkafar mutum ɗari, har waƙa take yi a madafa. Aka kira masu mandiri. Kawu ya sha kayan sallah, da zanin ado mai zaren zinariya a ƙugu, da baƙar hula sabuwa fil. Mai gari ya zo, amma wannan karon da riga mai duhu, ya kuma zauna nesa da tebur.

Dakta ta yaye ƙyalle. Ga zane, ga dogon suna, ga wutsiyarsa "sulongi". Masu mandiri suka buga. Kawu ya ɗora yatsa a kan zanen, wata faffaɗar halitta mai ƙafafu da yawa.

"Ku matso ku gan ni. Ku dubi ƙirji. Jumaat, kawo taka ƙwayar gyaɗar mu gwada."

"Wannan macen ce, Malam Sulong," in ji Dakta.

"Na'am?"

"Macen ce. Ga namijin nan." Ta nuna wani ɗan ɗigo a ƙasan cikin macen, wanda sai da aka yi masa kibiya don a gan shi.

Liman ya gyara tabarau. "Ranki ya daɗe, a yi mana bayani mana. Yaya suke rayuwa?"

Na ga Dakta ta saci kallon Goggo. Goggo na rarraba faranti, fuskarta kamar ta mai jin wa'azi.

"To, macen ce ke kama wuri a kumatun jatan lande. Ita ke samo abinci, ita ke ɗaukar ƙwai, ita ke rainonsu. Namijin bai kai kashi ɗaya cikin goma na jikinta ba. Tun yana ƙarami yake nemo ta ya maƙale a jikinta, daga nan kuma ba ya sake zuwa ko'ina har ya mutu."

Wata tsohuwa a baya ta ce, "Ikon Allah."

"To shi mene ne aikinsa?" in ji Liman.

"Ban da zama miji," in ji Dakta a hankali, "har yanzu ba mu gano masa wani aiki ba."

Ah Huat ya ajiye butarsa.

"Manaja ne!"

Ban taɓa jin dariya irin ta ranar ba. Mai gari ya sa fuska cikin hula. Ɗaya daga masu mandiri ya faɗo daga benci. Matan layinmu suka kewaye Goggo suna dukan bayanta, ita kuwa sai cewa take, "Ni me na ce? Ilimi ne."

Kawu ya yi gyaran murya sau biyu, ba wanda ya ji. Ya yi na uku. Sai ya hango komar Goggo a jingine jikin bishiyar kwakwa, ya fizge ta.

"Ku saurara da kyau! Yau za ku ga wanda ke ciyar da gidan nan!"

"Maigida, ruwa na cikowa," in ji Goggo. "Kuma akwai rami ta wajen turakun can."

Ya nufi turakun kai tsaye, da kayan sallarsa da komai, jama'a na biye har bakin ruwa, wasu da farantansu a hannu. Ruwa ya kai masa idon sawu, ya waiwayo ya ɗaga mana yatsa. Ya kai gwiwa. Ya kai ƙugu, zanin zinariya ya buɗe a kan ruwa kamar laima. Ya ƙara taku ɗaya, sai muka ga hula ita kaɗai tana tafiya.

Kan ya ɓullo. "Lijah!" Ya nutse. Ya ɓullo. "Lijah, taɓo ya riƙe ni!"

Goggo ta miƙo mini ludayi, ta ɗaure zaninta, ta shiga ba ko gaggawa. Ta fara ceto komarta tukuna, ta saɓa a kafaɗa. Sannan ta sa hannu ta tumɓuko shi kamar rogo. Da ya ji jikinta sai ya rungume wuyanta ta baya, ya naɗe ƙafafu a ƙugunta, ya runtse ido. Ta ce ya sauka, an zo inda ruwa bai kai gwiwa ba. Ya ƙi. Haka ta fito da shi, ita faffaɗa tana tafe da koma, shi ɗan firit a maƙale a bayanta, gashin baki ya kwanta.

Ah Huat ya riga ya rataye takardar a ƙusarta, can saman ta Jumaat, daidai inda aka yi alkawari. Tsoho Jumaat ya ɗaga kai ya dubi zanen, ya juyo ya dubi masu fitowa daga ruwa, ya sake duban zanen.

"Kai," ya ce, "Dakta ta iya zane."